Kare ya ciji ubangidansa: a kashe, a bayar, ko a ci gaba da riƙo?

Washegarin Babbar Sallar bara Duna ya ciji Yayana. Duna karen gadi ne, ruwa-biyu, uwarsa 'yar gida, ubansa Alsashiyan, kuma shekararsa huɗu a gidan, tun yana ɗan kwikwiyon da ake zuba wa madara a murfin kwano. Ana cikin suyar naman layya wani yaro ya jefa masa ƙashin cinyar rago, ya ja abinsa ƙarƙashin mota yana gwaguya. Yaya zai fita da motar, ya kira shi sau biyu bai fito ba, sai ya durƙusa ya zura hannu zai janyo ƙashin. Ya ce ya ji gurnani, amma bai ɗauke shi a bakin komai ba, ai karensa ne. Kafin ya ankara fiƙa ta shige masa tsakanin babban yatsa da manuni. Cizo ɗaya ya yi ya saki, ya ja da baya ya lafe jikin taya, kunnuwa a kwance.

Jinin bai tsaya ba gida ya rabu huɗu. Hajiyarmu ta ce, "Karen da ya ɗanɗani jinin ubangidansa ai ya gama zama. A samo mai bindiga yau ɗin nan." Matar Yaya ba ta ce a kashe ba, ita dai kada ya sake kwana a gidan, domin autarta a lokacin rarrafe take yi. Maigadi ya matso ya rage murya: "Ranka ya daɗe, akwai masu sayen karnuka. In ka ba ni izini, gobe da sassafe an wuce wurin." Babban ɗan Yaya kuwa, mai shekara 11, ya riƙe gefen rigata yana cewa, "Baffa, don Allah ka ce musu kada a kashe shi, ai Abba ne ya taɓa masa ƙashi." Shi mai hannun bai ce uffan ba. Da yake ni ne na daɗe ina kiwon karnuka a gonata da ke wajen Zariya, sai duk aka zuba mini ido.

Na ce a rufe Duna a kejinsa, a ajiye masa ruwa, a bar maganarsa tukuna, a dubi hannun. Muka kai Yaya bakin famfo, ana goga sabulun wanki ana sakin ruwa a kan raunin har minti 15 da agogo. A minti na huɗu ya fara cewa ya isa haka, na yi kunnen uwar shegu da shi. Ƙwayar ciwon haukan kare tana da wani lulluɓi na kitse da sabulu ke tarwatsawa, shi ya sa wannan wankin yake gaba da aidin, yake gaba da tafiya asibiti. Wani maƙwabci ya leƙo ya ce a tsigi gashin karen a ƙona a barbaɗa tokar, haka ake yi a garinsu. Wani ya ce kananzir. Mai kyamis ɗin bakin layi har ya zaro zare da allura zai ɗinke. Duk ba mu bi ba. Toka da kananzir ɓata rauni kawai suke yi, ɗinki kuwa yana rufe ƙazantar bakin kare a cikin nama. In ma ɗinkin ya zama dole, likita ne zai ce yaushe.

A asibiti abin da likitar ta fara tambaya shi ne katin allurar karen. Aka lalubo shi a ƙasan dirowa, ya sha ƙura. Allurar ƙarshe ta haura shekara biyu, alhali duk shekara ake sabuntawa. Nan take aka fara wa Yaya rigakafin haukan kare, aka haɗa masa da ta tetanos da maganin antibayotik, domin cizon hannu yana saurin kumbura ya tara mugunya. Har gobe akwai masu gudun asibiti saboda labarin allura goma sha a cibiya. Wannan tsohon yayi ne. Ta yanzu a damtse ake yi, ranar cizo, da rana ta 3, ta 7, ta 14, wasu asibitocin su ƙara ta 28. Idan haƙori ya huda fata jini ya fita, ƙa'ida ita ce a ƙara da wata allura mai suna imunoglobulin, wadda ake tsittsirawa a cikin raunin da kewayensa. Tana da tsada, kuma ba ko'ina ake samunta ba, amma a tambaya.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ciwon nan yana kashe kimanin mutum 59,000 duk shekara, kusan dukkansu a Afirka da Asiya. Har kashi 99 cikin 100 ta hanyar kare suke ɗauka, kuma wajen kashi 40 cikin 100 yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. Ƙwayar tana bin jijiya a hankali, galibi wata 2 zuwa 3 kafin ta bayyana, wani lokaci mako guda, wani lokaci shekara. Rauni ya warke, kowa ya manta, sai wata rana a miƙo wa mutum ruwa a kofi maƙogwaronsa ya shaƙe. Daga nan sai dai addu'a.

To, sai kare. Bari in fara da shawarar Hajiya, tunda ita aka fi bi a unguwanninmu. Kashe shi nan take yana da hujjarsa. Ba zai ƙara cizon kowa ba, ba a kashe ko sisi, kuma addini bai hana ba, domin kare mai cizo yana cikin dabbobi biyar da hadisi ya halatta kashewa ko da mutum ya ɗaura harami. Sai dai a ranar cizo karen nan shi kaɗai ne shaidar da kake da ita. Kare ba ya sa wa mutum wannan ciwo sai ƙwayar ta riga ta kai ƙwaƙwalwarsa ta gangaro cikin miyau, kuma daga wannan lokacin kwanakinsa ƙirgaggu ne. Shi ya sa likitocin dabbobi suke cewa a tsare shi kwana 10 ana kallo. In ya cika kwanakin yana ci, yana sha, yana kaɗa wutsiya kamar kullum, to ranar da ya yi cizon miyansa ba ya ɗauke da ciwon, kuma likita na iya dakatar da sauran alluran. Amma fa kada a fahimce ni a baibai: ba a jiran kwana goman kafin a fara allura. Ana farawa yau, ana kallon kare gefe guda.

Wanda ya fasa wa kare kai da taɓarya ya jefar da shi bola ya binne amsar da hannunsa. Dole ya cika alluran duka da kuɗinsa, sannan duk wanda karen ya lasa a kan ƙurji ko ya yaƙusa a makon nan zai yi watanni zuciyarsa tana ɗar-ɗar.

Akwai lokacin da jira ba shi da wuri. Karen da ya sauya hali farat ɗaya, yana kai wa sarƙa da ƙarfen keji da duwatsu cizo, muryar haushinsa ta dushe, yana dalalar da miyau, ƙafafun baya suna harɗewa, wannan a kira likitan dabbobi a ranar. Wani irin kuma ba ya hauka ko kaɗan, muƙamuƙinsa ne ke saki, baki ya tsaya a buɗe, mai shi ya ɗauka ƙashi ne ya maƙale masa ya zura hannu zai ciro. Kada a zura. Kada kuma a gwada shi da ruwa, don tsoron ruwa a jikin mutum yake bayyana. Mahaukacin kare yana iya tsoma baki a kwano. In ta kai ga kisa, a bar kan lafiya lau, kada wanda ba ma'aikaci ba ya taɓa shi da hannu tsirara, a sa shi cikin sanyi. A ƙwaƙwalwa ake gano ciwon, kuma Cibiyar Binciken Lafiyar Dabbobi ta Ƙasa da ke Vom kusa da Jos, wadda aka kafa tun 1924, tana yin wannan gwajin. Asibitin dabbobi na gwamnatin jiha, ko na koyarwa irin na Jami'ar Ahmadu Bello, sun san yadda ake aikawa.

Shawarar maigadi ita ce ta fi daɗin ji, kuma a ganina ita ce ta fi muni. Ba jini a tsakar gida, yara ba su ga komai ba, har da ɗan canji a aljihu. Amma ka duba inda karen zai bi. Za a ɗaure shi a hau babur da shi, a cusa shi keji ɗaya da wasu karnukan, a loda a mota, wataƙila har kasuwar karnuka ta Dawaki a ƙaramar hukumar Kanke ta jihar Filato. Duk hannun da ya bi ta kansa yana cikin haɗari, kuma babu wanda ya san ya yi cizo. Masu bincike da suka duba ƙwaƙwalen karnukan da aka yanka a irin waɗannan kasuwanni sun sha samun ƙwayar ciwon a jikin waɗanda ido ke gani lafiyayyu. Kai kuma ka rasa kwana goman nan kamar yadda mai taɓarya ya rasa. 'Yar'uwar wannan dabarar ita ce a sa shi a but ɗin mota a kai shi bayan gari a sake. Karen da ya saba da kwano bai san farauta ba. Gari mafi kusa zai nufa da yunwa da firgici, kuma wanda zai fara cin karo da shi yaro ne mai tallan ƙosai ko almajiri.

Sai kuma kyauta. "A kai wa Kawu ƙauye, can akwai fili." Filin gaskiya ne, amma ƙauye ya fi birni yara, ga gidajen ba ƙyaure, ga asibitin da ke da allurar yana da nisa. Mafi yawan masu bayarwar kuma ba sa faɗin dalili, sai su ce gida ne ya yi musu kaɗan. Wannan ha'inci ne ko da kyauta aka kira shi. Bayarwa tana yin kyau ne a ƙuntatacciyar hanya guda: kwana 10 sun cika, an yi masa allura, mai karɓa ya ji labarin cizon tiryan-tiryan har ya ga tabon, ya san kan karnuka, kuma ba ƙananan yara a wurinsa. Irin wannan mutum yana da wuyar samu.

In an cire kisan fushi da sayarwa, zaɓin da ya rage wa yawancin gidaje biyu ne: a riƙe shi bisa sharuɗɗa masu tsauri, ko likita ya kashe shi da allura bayan kwanakin kallo. Nan ne gaba kura baya sayaki, kuma nan ne ya kamata a zauna a yi lissafi da sanyin rai.

Abu na farko da nake dubawa shi ne raunin kansa, domin kare ya san ƙarfin bakinsa fiye da yadda muke zato. Bakin da ke farfasa ƙashin cinyar rago, in ya bar maka ƙananan huji biyu, to da gangan ya rage. Wani likitan dabbobi ɗan Ingila, Ian Dunbar, ya tsara ma'auni mai hawa 6 da masu horar da karnuka ke amfani da shi. Hawa na 1, ya kai cafka haƙori bai taɓa fata ba. Na 2, ya taɓa bai huda ba. Na 3, cizo ɗaya, huji ɗaya zuwa huɗu, zurfinsu bai kai rabin tsawon fiƙarsa ba. Na 4, cizo ɗaya ne amma ya nutsa fiye da rabin fiƙa, sau da yawa ya riƙe ya girgiza kai, nama ya yage, wurin ya yi baƙi. Na 5, irin wannan cizon sau da dama a kai hari guda. Na 6, an rasa rai. Na 1 da na 2 kusan kullum suna gyaruwa. Na 3 yana gyaruwa in masu gida za su jure aikin. Daga na 4 lissafi ya sauya, domin karen da ya saki ƙarfinsa duka sau ɗaya, abin da aka fi sa rai shi ne na gaba ma haka zai yi. Na Duna hawa na 3 ne.

Na biyu, me ya jawo? Cizon da za ka iya ba da labarinsa daga farko zuwa ƙarshe ya fi sauƙi a kan wanda ba a san mafarinsa ba. Ƙashi ko kwanon abinci, karya mai shayarwa, taka wutsiya cikin barci, shiga tsakanin karnuka biyu suna faɗa, ritsa shi a lungun da ba mafita, duk waɗannan abubuwa ne da mutum zai iya kauce musu gobe. Ciwo ma yana sa cizo. Wata tsohuwar karyata da ba ta taɓa ɗaga mini leɓe ba ta kai wa hannuna cafka ranar da na shafa kanta. Da na duba, ƙudaje sun cinye gefen kunnen, cikinsa yana wari. Aka yi magani, magana ta wuce. Alsashiyan in ya fara manyanta yakan yi fama da ciwon ƙugu, kaska ma takan sa musu zazzaɓin da ke ɓata rai. Saboda haka kafin a yanke wa kare hukunci a bar likita ya laluba shi daga kunne har wutsiya.

Sannan, ya yi kashedi? Kare yakan lashi leɓe, ya yi hamma, ya kau da kai, ya sandare, farin idonsa ya fito, ya yi gurnani, ya yage haƙora, sannan ya ciza. Duna ya yi gurnani, Yaya ne ya ƙi ji. Da muka tsananta tambaya sai ta fito cewa tun yana ƙarami yake gurnani a kan kwano, kuma duk sanda ya yi sai a zabga masa bulala. Allah ya taimaka bulalar ba ta gama kashe gurnanin ba. Karen da aka daka har ya daina gurnani bai daina jin abin da yake ji ba. Ƙararrawar kawai aka cire, sai a wayi gari a ce ya yi cizo "haka kawai".

Na uku shi ne gidan, kuma shi ne ya fi nauyi. Riƙon karen da ya taɓa cizo aiki ne na kullum har ya mutu, kuma kare yakan kai shekara 10 zuwa 12. A keji a rufe zai ci abinci, ba mai zuwa kusa sai ya gama ya fito. Ba ƙashi a tsakar gida, ko da Sallah. In ya ɗauki abin da ba a so, ba a ƙwata. A jefa masa tsokar da ta fi shi daɗi can gefe, in ya tafi a ɗauke, har ya koyi cewa zuwan hannu ƙari ne yake kawowa. Ba a sakinsa sai an kulle ƙofar cikin gida da dare, a mayar da shi kafin yara su fito makarantar allo. In za a yi masa wanka ko allura, a sa masa takunkumi, amma irin mai kama da kwando wanda zai iya buɗe baki ya yi haki, domin da haki kare ke fitar da zafi, kuma na ƙyalle mai matse baki yana iya halaka shi a zafin watan Afrilu. Yana buƙatar tafiya da motsa jiki. Karen da ke wuni a gajeriyar sarƙa cikin rana cizo yake tarawa. Ga allura duk shekara, wadda kuɗinta bai kama ƙafar na alluran mutum ɗaya ba.

Duk wannan mai yiwuwa ne. Amma gidajenmu ba gidajen mutum biyu ba ne. Akwai 'yar aiki, akwai almajirin da ke ɗebo ruwa, akwai baƙi ranar suna, akwai yaran maƙwabta da ke shigowa ɗaukar ƙwallo ba sallama. Wata rana wani zai manta da sakata. Ba na shakkar wannan. Saboda haka tambayar da nake sa mai kare ya yi wa kansa ita ce: ranar da aka manta, wa zai tarar, kuma me zai yi masa? Cizon da ya bar huji biyu a hannun magidanci, a fuskar yarinya mai rarrafe yake sauka, domin tsayinsu ɗaya, ga shi cizon fuska da wuya ya fi kusa da ƙwaƙwalwa in akwai ciwo. Kuma daga ranar da karenka ya yi cizon farko, "ban sani ba" ta fita daga bakinka, a gaban mai unguwa ne, ko 'yan sanda, ko alƙali.

Akwai gyare-gyaren da mutane ke rugawa gare su waɗanda ba na ba kowa shawara. Dukan kawo wuƙa don ya san waye mai gida tsoro yake ƙara masa, tsoro kuwa shi ne uban cizo. Karya fiƙa ko goge ta da zarto azaba ce, kuma sauran haƙoran da ƙarfin muƙamuƙin suna nan. Dandaƙa tana rage yawon dare da faɗa da sauran mazan karnuka, amma ba ta da tabbas a kan karen da ke cizo don tsoro ko don kwano. Mai horarwa kuma a tantance shi. In ka ji ya fara maganar barkono a abinci, ko kulle kare a ɗaki mai duhu don ya yi zafi, ka sallame shi. Irin aikinsu ne ya cika gidaje da karnukan da ba su san na gida da ɓarawo ba. Na kirki zai fara da tambayoyi, zai so ganin kejin da kwanon, kuma mutanen gidan zai fi koya wa fiye da karen.

Kisa ta hannun likita shi ne wanda kowa ke jin nauyin furtawa, alhali wani lokaci shi ne daidai. Wani abokina a Kaduna ya sayi Bowabul, irin ƙaton karen nan na Afirka ta Kudu, wanda nauyinsa ya kai na babban mutum. Ya saye shi ne da girmansa, ba tarihi. Wata rana da dare ya buɗe keji kamar yadda ya saba, ba gurnani ba komai, karen ya cafke masa hannu ƙasan gwiwa ya riƙe yana girgizawa, da ya faɗi kuma ya koma cinya. Sai da maigadi ya watsa masa bokitin ruwa ya haɗa da sanda. Daga baya yaron gidan ya faɗi cewa sau biyu karen yana kai masa hari ya yi shiru, don gudun kada a kore shi. Likita ya duba bai ga ciwo ba. Cizo mai zurfi, fiye da ɗaya, ba kashedi, ba sanannen dalili, ga ƙarfin da ba mai iya riƙewa: ko ɗaya cikin waɗannan ya isa a yi dogon tunani, balle sun haɗu. Abokin nawa ya yi ta kewaye-kewaye saboda kuɗin da ya zuba, har ya soma cigiyar mai saye. Na ce masa, "Malam, wanda za ka sayar wa shi ma yana da 'ya'ya." Aka cika kwana 10, likita ya zo gida.

Yadda ake yi, ana fara ba shi allurar barci, in ya kwanta a ba shi ta biyu a jijiya wadda ke tsayar da numfashi da zuciya. 'Yan mintoci ne, ba ihu ba shure-shure. Ka kwatanta da fiya-fiya ko maganin ɓera a cikin nama, inda kare zai daɗe yana birgima yana kumfa, ragowar naman kuma kaji ko kyanwa ko yaro su tsinta, gawar ta kashe ungulu a bola. Hadisin da ya ce in za a yi kisa a kyautata kisan bai ware kare ba. Haka kuma kulle shi a keji har abada, ba fita ba kulawa, don dai a ce ba a kashe ba, wannan ya fi kusa da labarin matar da ta tsare kyanwa.

Kada a manta cewa rabuwa da kare ma tana da farashi, ballantana ga wanda gidansa ke ƙarshen gari a wannan zamani. Malamai suna ba da labarin Ibn Abi Zaid na Ƙairawan, da katangarsa ta faɗi ya ajiye kare, aka ce masa ai Imam Malik ya karhanta, ya ce da Malik ya riski zamaninmu da zaki zai ajiye. Ɗan kwikwiyo sai ya haura shekara kafin ya zama abin dogaro, babban kare na saye kuwa ka ji yadda ta kaya a Kaduna. Wannan yana cikin abin da ya sa Yaya ya yi shiru ranar: ya san dare nawa Duna ya tashe shi, kuma ba duka ne a banza ba.

Duna ya cika kwanakinsa 10 yana cinye tuwonsa tas, yana kuka duk sanda ya ji muryar Yaya. Likitan dabbobi ya duba shi bai sami komai ba, ya yi masa allura, ya buɗe sabon kati. Na gaya wa Yaya ra'ayina ba rufa-rufa: da shi da matarsa da manyan yara ne kawai a gidan, da na ce ya riƙe karensa ya gyara yadda ake ba shi abinci. Da kuma cizon ya kai hawa na 4, da ban yarda ya je ko'ina ba sai hannun likita. Yaya ya kawo shawarar ya ja katanga ya raba filin gidan biyu. Matarsa ta saurare shi har ya gama, sannan ta ce, "Abban yara, katangar za ta yi ƙofa ko?" Bai amsa ba.

A mako na uku na zo da a-kori-kura na ɗauki Duna da kejinsa na kai gona. Wurin a kewaye yake da waya, mutum biyu ne ke kwana, dukansu manya, kuma dukansu na nuna musu hoton hannun Yaya kafin in sauke kejin. Hajiya har yau tana cewa taurin kai ne irin nawa. Ɗan Yaya yana biyo ni ranar Asabar, su yi ta zagaya gonar tare, amma lokacin abinci a bayan waya yake tsayawa. Sau ɗaya na gwada Duna da ƙashi daga nesa, in ga ko sauyin wuri ya sauya shi. Na taka taku uku ya sandare, ya dube ni ta gefen ido, gurnanin ya taso daga ƙirji. Na ja da baya, na jefa masa tsoka can gefe, na ɗauke ƙashin da shebur.